Jirgin da Kawu Ya Narkar

Sunan yankan kawuna ya daɗe da mutuwa a bakin mutane. Daga bakin titi har ƙarshen layin maƙera, in kana nemansa sai dai ka ce Narka-Jirgi, nan take za a nuna maka rumfa ta ƙarshe, wadda bayanta ke kallon fadama. Shi ma ya fi son wannan sunan. In ka kira shi da na gaskiya sai ya yi kamar da wani kake.

Yayan mahaifiyata ne, kuma a hannunsa na tashi bayan rasuwarta, don haka ina da bakin faɗin halinsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, girarsa ta hagu babu gashi ko ɗaya, wuta ta cinye tun yana saurayi. Yana da kyauta, yana da saurin fushi, ga surutu kamar rediyon da makunninsa ya lalace. Sana'arsa zubin tukwane. Ya narkar da alminiyon, ya danna ƙasa a akwatin katako, ya fitar da siffar tukunya, ya tsiyaya ruwan ƙarfen, kafin ka gama gaisawa da maƙwabta ya fasa ƙasar ya ɗago tukunya tana hayaƙi.

Doka ɗaya ce a rumfarsa wadda ba a wasa da ita: ƙarfen da za a narkar ba ya ganin ruwa. Ɗigo ɗaya in ya maƙale a jikinsa ya shiga tukunyar narki, sai narkakken ƙarfen ya yi tsalle ya wanke wa mutum fuska. Abin da ya ci girar Kawu ke nan. Saboda haka duk tarkacen da aka kawo, komai dattinsa, ba a wanke shi. Kan garwashi ake jefa shi ya gasu, laima ta fita, taɓo ya bushe ya kakkaɓe, fenti ya ƙone, don fenti ma yana sa tukunya ta fito da ƙuraje. Duk layin haka suke yi, haka kuma suka tarar iyayen gidansu suna yi.

Labarin jirgin kuwa na ji shi har kunnena ya yi kanta. Lokacin yaƙi ne, Kawu yana saurayi. Sojan ƙasa ya rabu biyu, jiragen ma suka rabu, iri ɗaya a hannun kowane ɓangare. 'Yan kwanaki kafin abin ya faru, jiragen ɗaya ɓangaren sun zubar da bam a tashar mota, ƙanin Kawu yana cikin waɗanda aka kwashe a buhu. To ran nan da hantsi sai ga ƙara a sama, bindigogin bakin gada suka amsa, jirgi ya taho yana jan baƙin hayaƙi, ya wuce saman rufin mutane, ya kife cikin fadama. Kafin azahar rediyo ya sanar cewa dakarunmu sun kakkaɓo jirgin abokan gaba.

"Wuta na mutuwa muka shiga da gatari," in ji Kawu, yana nuna yadda ya sara. "Alminiyon ya yi ƙaranci a lokacin, har cokali muke narkawa. Sai ga Allah ya jefo mana shi daga sama! Muka sassara, muka gasa, muka narka. Da sojoji suka iso bayan kwanaki, inji kawai suka tarar, shi ma don ya fi ƙarfinmu ne. Wanda ya zo ya cinye mu, mu muka cinye shi."

A nan ake dariya. In wani ya ce, "To matuƙin fa?" sai ya kaɗa hannu ya ce, "Ya tafi inda ya nufa," ya koma kan yawan tukwanen da suka fita daga fiffike ɗaya. Ni kam in ya fara, tashi nake in kama wani aiki.

Ya gaya wa masu sayen tukunya, ya gaya wa direbobi, ya gaya wa surukai ranar da suka zo neman aurena, har na ji kamar in nutse. Shekara arba'in da ɗoriya yana ba da labarin nan, bai taɓa tunanin akwai wanda labarin yake nasa ba.

Bara ne ƙarfe ya zubo masa a ƙafa, tsufa ya sa hannu ya fara rawa. Aka kwantar da shi a asibiti, ni ce mai jinya. Kwana biyu bai yi ba duk ɗakin maza ya san shi, har masu shara suna ce masa Narka-Jirgi. Akwai wata nas babba, doguwa, furfura ta fara leƙowa daga ƙarƙashin hularta, ba ta da yawan magana, marasa lafiya na shakkarta. Ita ke wanke masa ƙunar. Ran nan tana cikin naɗa bandeji yana ba na gadon kusa labarin, sai na ga hannunta ya tsaya.

"Baba, wace shekara ce wannan?"

"Shekarar da aka fasa tashar mota, 'yata. Farkon damina."

"Da hantsi ka ce?"

"Da hantsi. Ranar Talata ma, don ranar muke sayen gawayi."

Almakashin hannunta ya faɗi ƙasa. Ba ta ɗauka ba. Ta ƙarasa ɗaurin, ta dube ni ta ce in same ta a baranda.

A can ta gaya mini. Mahaifinta matuƙin jirgin yaƙi ne, na ɓangarenmu. Wata Talata a farkon daminar shekarar nan ya tashi da safe bai dawo ba. Ba a ga jirginsa ba, ba a ga gawarsa ba, kuma a watan wasu matuƙa sun tsallaka da jiragensu wurin abokan gaba. Sai aka ce shi ma gudu ya yi. Aka fitar da mahaifiyarta daga gidan bariki da tsohon ciki, cikin ita nas ɗin. Ta tashi yara suna ce mata 'yar maci amana. Dangin uban suka janye jiki. Uwar ba ta sake aure ba, ta ce ita ba bazawara ba ce, ba kuma matar maci amana ba ce.

"Umma ta ce ranar da asuba ya tashi yana haɗa gadon jariri," in ji nas. "Ya bar ƙafa ɗaya bai ɗaura ba, ya ce in ya dawo. Ta ce mai shirin gudu ba ya yin haka. Yanzu ta tsufa, ba ta fita, idonta ya tafi. Abu ɗaya take roƙo, kada ta mutu da wannan sunan a kansa."

Tausayinta ya kama ni, amma gaskiya haushi ma ya ɗan taso mini. Na ce a raina baiwar Allah nan ta ji hirar tsoho mai ƙarin gishiri ta ɗauka da zafi. Kawu kuwa da na gaya masa, saura kaɗan ya diro daga gado.

"Na abokan gaba ne! Rediyo ya faɗa, duk gari ya ji!"

Nas ta ce, "Baba, kun ga tutar da ke jikinsa?"

"Wace tuta? Baƙi ƙirin yake, hayaƙi da taɓo sun rufe shi."

"Ba wanda ya wanke ya duba?"

Ya dube ta kamar ta zage shi. "Wanke? Da ruwa? 'Yata, kin ga girar nan?"

Ita ba ta gane ba, ni na gane. Bokiti ɗaya da an watsa wa wutsiyar jirgin nan da an ga ko na wane ne. Amma mutanen da suka fara isa gare shi su ne kaɗai mutanen garin da ba za su taɓa watsa wa ƙarfe ruwa ba. Sun gasa shi da taɓonsa, fenti da tuta da lamba duk suka tafi cikin hayaƙi.

Kawu bai ga abin da na gani ba. Cewa ya yi, "Ku zo rumfar ku duba, in huta da zargi."

Bayan an sallame shi suka zo, ita da wani tsoho siriri mai tabarau, riƙe da 'yar jaka. Ta ce injiniya ne, shi ke kula da jirgin mahaifinta a lokacin, kuma shi kaɗai ne cikin abokan aikin bai daina gaishe da Umma ba. Mutum ne mai ladabi. Ya zauna kan benci ya saurari labarin Kawu tun daga farko bai katse shi ba, abin da ni ban taɓa iyawa ba. Kawu ya sa aka ɗauko wata tsohuwar tukunya daga gida, ya ce wannan daga fiffike ta fito. Injiniya ya juya ta, ya yaba aikin, ya ajiye.

"Maigida, abin da ya narke ya riga ya tafi, ba ya magana. Akwai abin da ya ƙi narkewa?"

"Kusoshi da tarkace, mun zubar."

"Ba ka riƙe komai ba?"

Kawu ya yi dariya, ya miƙa hannu cikin akwatin ƙasa ya zaro abin da yake shafe ƙasar zubi da shi. Na san abin nan tun ina yarinya. Wani ɗan falle ne na farin ƙarfe, bai kai tafin hannu ba, ya lanƙwasa gefe ɗaya ya sa masa ƙotar katako. Ba ya ba kowa aronsa.

"Wannan kaɗai. A cikin ramin tayar jirgin na ɓamɓaro shi. Na jefa a wuta ya ƙi ci, na ce to zo ka yi mini bauta."

Injiniya ya karɓa. Ya ɗaga shi sama, ya duba wasu 'yan huji biyu da ke kusurwoyinsa, ya shafa da babban yatsa.

"Da rubutu a jikinsa?"

"Da akwai. Ƙasa ta cinye tuntuni, ka ga ai sumul yake."

Injiniya ya ce wannan shi ne allon da masana'anta ke bugawa a jikin kowane jirgi, ɗauke da lambar da ba ta canzawa ko an sake fenti sau nawa. Ya ce lambar da aka buga da ƙarfi ba a sama kawai take tsayawa ba, tana danne naman ƙarfen har ciki, don haka ko fuskar ta goge, wani lokaci asid yana tono ta. Ya nemi izini. Kawu ya ce, "Bismillah, in dai ba za ka cinye mini shi ba."

Ya shimfiɗa tsumma a kan benci, ya goge ƙarfen da samfefa mai laushi har ya yi ƙyalli, ya sa safar roba, ya jiƙa auduga da ruwan wata 'yar kwalba ya fara shafawa. Maƙwabta suka bar wutarsu suka taru a bakin rumfa. Kawu yana ta zuba, wai yau za a san ya narkar da jirgin janar guda. Nas tana tsaye ta harɗe hannu, ko ƙifta ido ba ta yi.

An daɗe ba a ga komai ba. Har na fara jin kunya a madadinsu. Sai wani duhu-duhu ya fara tasowa a tsakiyar ƙarfen, kamar tabon shayi a farin mayafi.

"Bakwai," in ji injiniya. Ya sake shafawa. "Huɗu."

Daga nan muryarsa ta karye. Bai jira sauran sun fito ba, ya rufe ido ya karanto su da ka, har ƙarshe. Muna tsaye muna kallo lambobin suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ya faɗa. Wani a bakin rumfa ya saki salati.

"Jirgin da nake kula da shi ne," injiniya ya ce, yana cire tabarau. "Ni na duba tayoyinsa da safen nan. Bindigoginmu ne suka harbo shi."

Nas ta sulale ta zauna a ƙasa, cikin toka, da fararen kayanta. Ba ta yi kuka ba. Kawu ya dubi ƙarfen, ya dubi injiniya, ya dube ni, kamar ni ce zan ce wasa ake yi.

"A'a," ya ce. "A'a, ku sake dubawa. Rediyo fa ya faɗa."



Can nas ta ɗago. "Baba, ka ce kun shiga da gatari. Matuƙin yana ciki?"

"Yana ciki." Da ƙyar aka ji shi. "A ɗaure a kujera. Ya riga ya cika, wallahi ya riga ya cika. Wuta ta taɓa kayansa, ba a gane komai."

"Alhamdu lillahi. To ina kuka binne shi? Wace maƙabarta?"

Ban taɓa tambayar kaina wannan ba, duk tsawon shekarun nan. Tsofaffi biyu da ke bakin rumfa suka sunkuyar da kai, ɗaya ya juya ya tafi abinsa. Sai na ga Kawu ya waiwaya bayan rumfar, inda katanga ta ƙare.

Akwai tudu a wurin, ya fi mutum tsayi. Jujin layin maƙera ne. Nan ake zubar da toka da kashin ƙarfe da fasasshiyar ƙasa, kowace yamma, kowace rumfa. Ni kaina na kai kwandon toka wurin ba adadi. Akuyoyi na hawa su kwanta a kai.

"A da rami ne a wurin," Kawu ya ce. "Mun ɗauka wanda ya kashe mana mutane ne. Ƙanina ko sati bai yi a ƙasa ba. Aka ce ba za a kai shi cikin mutanenmu ba. Muka jawo shi..."

Bai ƙarasa ba. Ban san lokacin da na ce, "Kawu! Ko wanka? Ko salla?" Ya girgiza kai. Na so in yi masa ihu, na so in kama shi in riƙe, duka a lokaci ɗaya, don ban taɓa ganin fuskarsa ta zama haka ba.

Nas ta tashi, ta karkaɗe kayanta, ta taka har gindin tudun. Ta daɗe tsaye tana kallonsa. Da ta dawo abu ɗaya ta ce, kuma ni ta gaya wa, ba shi ba: "Kada Umma ta ji wannan."

Hukuma ta turo masu tono bayan 'yan makonni. Suka kewaye wurin da igiya, suka riƙa kwashe tokar a hankali suna tankaɗewa. Layin maƙera kaf ba wanda ya hura wuta a kwanakin. Kawu yana zuwa tun safe da sandarsa, ya zauna kan wani dutse daga nesa, in an ba shi abinci ya ce ya ƙoshi. A can ƙasa suka tarar da ƙasusuwan matuƙin, da ƙarafunan ɗamarar kujera, da agogon hannu, da ɗan ƙarfen wuya da sojoji ke ratayawa. Sunan bai goge ba. Duk da haka aka ɗebi jinin nas aka gwada da ƙashin, sakamako ya fito ya ce mahaifinta ne.

Ranar da takardar ta fito ita da kanta ta zo rumfar, da hantsi. Kawu na zaune kan benci, murhu a mace. Ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda ta saba, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ita. Ta ce za a wanke sunan mahaifinta a hukumance, za a kuma yi masa jana'iza. Ta ce ta gaya wa Umma, kuma Umma ta yi sujada a tsakar ɗaki.

"Ta ce sai ta ji muryar wanda ya gan shi," in ji nas. "Na gaya mata mutanen unguwar nan ne suka binne shi. Iyakar abin da na gaya mata ke nan, Baba."

Kafin ya ce wani abu ta danna waya, ta ƙara murya, ta riƙe masa kusa da kunne. Muryar tsohuwa ta fito, siririya, tana rawa.

"Salamu alaikum. Kai ne bawan Allahn da ya ɗauko shi?"

"Ni ne, Hajiya."

"Ashe a hannunka ya kwana. Shekara da shekaru ina kwana ina tashi da tunanin ko tsuntsaye ne suka ci shi a daji. Ashe yana cikin mutane. Ba ku san shi ba, ba ku san danginsa ba, ana tsakiyar yaƙi, kuka tsaya kuka yi masa sutura. Bawan Allah, yadda ka rufa masa asiri, Allah ya rufa maka duniya da lahira. Allah ya ba ka masu yi maka kamar yadda ka yi masa."

Kawu ya ƙanƙame gefen benci da hannu biyu. Bakinsa a buɗe, hawaye na bin gemunsa, ya dubi nas yana girgiza kai. Ita ma ta girgiza masa nata, a hankali, idonta cikin nasa.

"Bawan Allah? Kana ji na?"

Nas ta janye wayar ta kai bakinta.

"Yana ji, Umma," ta ce. "Ya ce amin."